Akwai ciwon dajin da muka san mafarinsa

A ƙasar Hausa ba a cika faɗin sunan ciwon daji da ƙarfi ba. In aka ce wance tana da daji, sai ka ji wani ya ce jifa ne, wata ta ce hannun kishiya ne, wani kuma ya gargaɗi dangi kada su kuskura a yi mata allura ko a taɓa ta da wuƙar likita, wai daji ba ya son ƙarfe. Haka za a yi ta yawo daga wannan mai magani zuwa wancan har ciwo ya ci jiki, sannan a nufi asibiti. Likita ya duba ya ce an makara, a dawo gida ana cewa ai daman asibiti ba ya iya wa daji.

Wannan hali yana ci mini rai, domin wani kaso mai tsoka na sankarar da ke kashe mutanenmu an san abin da ke haddasa shi, an san hanyar da yake bi, an kuma san yadda ake tare shi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a 2018 mutum miliyan 2.2 ne suka kamu da sankarar da ƙwayoyin cuta suka haddasa, wato kusan kashi 13 cikin ɗari na dukan sababbin masu cutar a shekarar. A Afirka kudu da Sahara kason ya fi haka. Biyu daga cikin waɗannan sankarori, ta bakin mahaifa da ta hanta, suna cikin waɗanda suka fi yi mana ɓarna, kuma dukansu biyun akwai allurar riga-kafin bairos ɗin (wato ƙanƙanuwar ƙwayar cutar) da ke kawo su. Ra'ayina shi ne muddin ba a bayyana wa mutane yadda bairos ke juya lafiyayyar ƙwayar halitta ta koma sankara ba, za su ci gaba da kallon waɗannan allurai a matsayin wani abu da aka ƙaƙaba musu daga waje, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Jikin mutum ginanne ne da ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani. Kowace ɗaya tana ɗauke da umarnin gado da ake kira DNA, wanda ke tsara lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta tsaya, har da lokacin da za ta mutu ta ba wata wuri. Abin ya yi kama da mota mai totur da birki: akwai sassan gado da ke cewa a ƙara wuta, akwai masu cewa a tsaya. Sankara ita ce ƙwayar halittar da toturinta ya maƙale ko birkinta ya tsinke, ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, 'ya'yanta su taru su zama ƙari, daga baya su kutsa cikin naman da ke kusa, su bi jini zuwa wasu sassan jiki.

Shi kuwa bairos ƙanƙanin abu ne ƙwarai, ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ya iya hayayyafa da kansa, dole sai ya shiga cikin ƙwayar halitta ya yi amfani da kayan aikinta. Tun a 1911 wani likita mai suna Peyton Rous, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, ya niƙe ƙarin da ya fito a jikin wata kaza, ya tace shi ta yadda babu ƙwayar halitta ko bakteriya da za ta wuce, ya yi wa lafiyayyun kaji allurar ruwan, sai ga su da irin ƙarin. Masana na lokacin ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, sai a 1966 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. A 1976 kuma Michael Bishop da Harold Varmus suka gano cewa sashen gadon da wannan bairos ke haddasa sankara da shi asalinsa na ƙwayar halittar kaza ne, bairos ɗin ne ya ɗauke shi ya jirkita shi. Daga nan aka fahimci cewa abin da ke zama sankara yana cikin jikinmu tun asali yana aikinsa na alheri, lalacewa yake yi.

Bari in tsaya a kan bairos ɗin HPV, domin a nan ne labarin ya fi fitowa sarari. Nau'o'insa sun haura 200. Yawancinsu ba su da wata illa da ta wuce ƙananan tsiro a fata, amma goma sha wani abu daga cikinsu suna iya kawo sankara. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya gano nau'i na 16 a 1983 da na 18 a 1984 a cikin ƙarin bakin mahaifa, kuma waɗannan biyun kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara a duniya. A 2008 ya samu lambar Nobel a kan wannan aiki.

Ga yadda abin ke faruwa. Fatar da ta lulluɓe bakin mahaifa hawa-hawa take. Ƙwayoyin halittar da ke ƙasa su ne masu rabuwa, in suka hau sama sai su daina, su tsufa, su zube. Bairos ɗin yana shiga ta ɗan ƙaramin rauni ya kai ga na ƙasan. Matsalarsa ita ce yana buƙatar ƙwayar halitta ta ci gaba da kwafar DNA domin shi ma a kwafe nasa, alhali ita ta kai lokacin tsayawa. Saboda haka yana sarrafa wasu sinadaran furotin guda biyu da ake kira E6 da E7. E7 yana kama wani furotin na jikinmu mai suna Rb, wanda aikinsa hana ƙwayar halitta rabuwa sai lokaci ya yi, ya hana shi aiki. E6 kuma yana sa a rushe wani mai suna p53, wanda aikinsa duba DNA: in ya ga ɓarna ya dakatar da rabuwa har a gyara, in ɓarnar ta fi ƙarfin gyara ya umarci ƙwayar ta mutu. Idan aka rasa waɗannan biyun, ƙwayar halitta za ta ci gaba da rabuwa ko da akwai kurakurai a cikinta, kuma kowane sabon kuskure 'ya'yanta za su gada.

Duk da haka, mafi yawan waɗanda suka kamu da HPV ba sa samun sankara. Kusan kashi 90 cikin ɗari garkuwar jiki ce ke kawar da shi cikin shekara biyu, mutum bai ma san ya taɓa kamuwa ba. Haɗarin yana ga 'yan kaɗan ɗin da bairos ya zaune musu. In ya daɗe, wani lokaci DNA ɗinsa yakan tsinke ya manne cikin na ƙwayar halittar, a garin haka sashen da ke taƙaita E6 da E7 ya lalace, sai su yi ta fita ba iyaka. Daga kamuwa zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mai lafiyayyar garkuwa. Ga mai ɗauke da HIV wadda ba ta shan magani abin yakan zo cikin shekara 5 zuwa 10, kuma mata masu HIV sun ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin wannan sankara.

Wannan tsawon lokaci shi ne ya sa muke kasa haɗa sanadi da sakamako. Matar da ta fara ganin jini bayan ta daina al'ada, ko bayan saduwa da mijinta, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, tana da shekara arba'in da wani abu, ba wanda zai kawo a ransa cewa abin ya faro ne tun tana amarya. Kuma wannan tsawon lokacin shi ne babbar damarmu, domin shekara goma sha biyar ta isa a gano canjin tun bai zama sankara ba a ƙone shi cikin 'yan mintoci.

A nan ne nake da magana da iyaye maza. Na sha jin ana cewa, tunda ta hanyar saduwa ake ɗaukar HPV, 'yata mai tarbiyya ba ta buƙatar allurar. Wannan magana tana manta cewa 'yar nan aure za ta yi. Namiji yana ɗauke da bairos ɗin ba tare da wata alama ba, bai sani ba, ba kuma a yi masa gwajinsa kafin aure. Yana iya samo shi daga matarsa ta fari da suka rabu, ita ma daga mijinta na baya, duk ta hanyar halal. A al'ummar da ake auren mace fiye da ɗaya, ake kuma yawan saki da sake aure, bairos ɗin yana zagayawa cikin gidajen mutanen kirki ba tare da kowa ya saɓa wa Allah ba. An kuma tabbatar cewa fara saduwa da ƙuruciya da yawan haihuwa suna ƙara haɗarin, kuma duka biyun halinmu ne a Arewa. Don haka matar da ta kamu da sankarar bakin mahaifa ba abar zargi ba ce, kuma duk wanda ya yi mata kallon banza ya ɗauki alhakinta. Mukan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan ciwon da namiji ake samunsa, kuma a yawancin gidajenmu uba ne ke da izinin a yi wa yarinya allura ko a hana.

A 2020, bisa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. A ranar 24 ga Oktoba 2023 gwamnati ta fara ba da allurar HPV kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da niyyar kai wa ga miliyan 7.7 a zagayen farko, wanda ya haɗa da Kano da Jigawa da Bauchi, sauran jihohi suka biyo baya a watan Mayun 2024. Allura ɗaya ce tak. Ba a daɗe da farawa ba saƙonnin murya suka cika WhatsApp cewa dabara ce ta hana haihuwa, shi ya sa aka zaɓi 'yan mata ƙanana.

Dalilin zaɓar wannan shekaru yana cikin bayanin da ya gabata. Allurar ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, hana bairos shiga take yi, saboda haka dole ta riga aure. Garkuwar jikin yarinya kuma ta fi ta babba amsa wannan allura. Abin da ke cikinta kwaikwayon ɓawon bairos ɗin ne kawai, babu DNA ɗinsa a ciki, babu E6 balle E7, jiki ne ke ganin ɓawon ya shirya masa makami. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya. Ostireliya ta fara yi wa 'ya'yanta a 2007, Ingila a 2008, Ruwanda a 2011. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa a Ingila sankarar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin ɗari a tsakanin matan da aka ba allurar suna da shekara 12 zuwa 13. Waɗancan 'yan matan yanzu manya ne, suna haihuwa, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan lafiyar allurai ya bi diddigin zargin hana haihuwa bai samu hujja ba. Wanda ke tsoron a taɓa mahaifar 'yarsa ya kamata ya san cewa maganin wannan sankara in ta kama yawanci shi ne a cire mahaifar gaba ɗaya ko a gasa ta da haske, kuma ko wanne aka yi haihuwa ta ƙare.

Ban raina tsoron mutane ba, domin yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da riga-kafin shan inna a 2003, kuma mun ga yaran da suka nakasa sanadiyyar wannan dakatarwa, a nan gida da ƙasashen da cutar ta tsallaka. Akwai kuma tambayar da talaka ke yi wadda ba a taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba: me ya sa ake bin mu gida-gida da allura kyauta, amma in yaro na zazzaɓi sai mun sayi magani da kuɗinmu? Tambaya ce mai kyau, kuma gwamnati ce ya kamata ta ji kunyarta. Sai dai amsarta ita ce mu matsa a ƙara mana maganin zazzaɓin, domin ƙin karɓar allurar ba zai sa a kawo shi ba, yarinyar ce kawai za ta rasa duka biyun. Shan inna ma sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba aka ci ƙarfinsa, har a 2020 aka tabbatar da Nijeriya ta rabu da nau'insa na asali. Irin wannan aikin ake buƙata yanzu, amma da bayani na gaskiya, a faɗa wa mutane me ke cikin allurar da abin da take hanawa, a kuma saurari tambayoyinsu ba tare da an kira su jahilai ba.

Sankarar hanta ta fi kama maza, kuma a Yammacin Afirka takan kama su suna tsakiyar ƙarfinsu, 'yan shekara talatin da arba'in, masu ƙananan yara. Ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, jiki ya rame, cikin 'yan watanni a yi jana'iza. Babban mai haddasa ta shi ne bairos ɗin ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Hanyarsa ta ɗan bambanta da ta HPV. Yana zama cikin ƙwayoyin hanta, garkuwar jiki ta yi ta kai musu hari tana kashe waɗanda suka kamu, hanta kuma ta yi ta haifar da sababbi don cike gurbi. Shekara ashirin, talatin ana wannan kisa da sabuntawa, hanta ta cika da tabo ta ƙanƙance, kuma kowace rabuwa dama ce ta kuskure. Ƙari a kan haka, guntayen DNA ɗin bairos ɗin sukan manne cikin na ƙwayar hanta, wani lokaci kusa da sassan da ke kula da rabuwa, yana kuma sarrafa wani furotin mai suna HBx da ke rikita tsarin ƙwayar.

Akwai abin da ke taya shi ɓarna wanda ya shafe mu kai tsaye. Gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima, sukan yi fumfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin. Dafuwa ko suya ba ta kashe wannan guba. In ta isa hanta takan lalata sashen gadon p53, wancan dai mai dakatar da rabuwa da muka ambata. Mutumin da ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B kuma yake cin abinci mai wannan guba haɗarinsa ya ninka na mai ɗaya daga cikinsu sau da yawa. Mu kuwa mutanen gyaɗa ne, daga ƙuli-ƙuli zuwa kunu zuwa yajin tsire, kuma ruɓaɓɓiyar da aka tsince ba a cika zubar da ita ba, ana sayar da ita da arha ga wanda ba shi da hali. Shanya amfanin gona a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, da tsince mai fumfuna a zubar, aikin lafiya ne kamar kowane. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar, ya kamata ma'aikatan gona su kai shi ga manoma kamar yadda ake kai taki.

Abin da ya fi muhimmanci game da ciwon hanta nau'in B shi ne shekarun da aka kamu da shi. Babba in ya kamu, fiye da kashi 95 cikin ɗari jikinsa zai kawar da shi. Jariri in ya kamu wajen haihuwa, kusan kashi 90 cikin ɗari zai zauna masa har abada. Wato magidancin da sankarar hanta ta kwantar yau, mai yiwuwa ya ɗauki bairos ɗin ne daga mahaifiyarsa ranar da aka haife shi, ko yana ƙaramin yaro ta askar da aka yi wa wani aski ko kaciya ko tsaga ko cire beli da ita ba a tsabtace ba. Shi ya sa ake son a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran su biyo a mako na 6 da na 10 da na 14 cikin allurar nan mai haɗe da riga-kafi biyar. Taiwan ta fara wannan a 1984, cikin shekara goma sankarar hanta a tsakanin yaranta ta ragu da kusan rabi.

Matsalarmu ita ce mafi yawan haihuwa a Arewa maso Yamma a gida ake yi, kuma a al'ada ba a fita da jariri kafin suna, mai jego kuwa sai ta yi arba'in. Kafin a kai shi asibiti awa 24 ta daɗe da wucewa. Ban ga dalilin da zai sa a tsaya jiran al'ada ta canja ba. A haɗa unguwarzoma da ma'aikacin lafiya na mazaɓa, da zarar an haihu ta sanar, a zo gida a yi allurar. In hakan bai samu ba, uba ko kaka su naɗe jariri su kai shi asibitin unguwa a ranar, su dawo da shi. A kuma riƙa gwada mata masu ciki a wajen awo, domin akwai maganin tenofovir da ake ba wadda bairos ya yi wa yawa a jini don kare abin da ke cikinta. Wanzamai kuma a zauna da su da mutunci, sana'arsu ta gado ce kuma mutane sun yarda da su, abin da ake nema sabuwar reza ga kowane kai.

A 2024 Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, wadda ta haɗa da ciwon hanta nau'in B da C. Na goyi bayanta, amma ina jin tsoron a mayar da sakamakon dalilin fasa aure da tozarta mutane. In ɗaya yana ɗauke da nau'in B, ɗayan ana yi masa allurar riga-kafi ya samu kariya, 'ya'yansu a yi musu tasu ranar haihuwa, mai ɗauke da shi kuma ya riƙa zuwa ana duba hantarsa, in da buƙata a ɗora shi a kan magani. Nau'in C ba shi da allura, amma yanzu ana warkewa daga gare shi da ƙwayoyin sha cikin mako 8 zuwa 12. Masar, wadda cutar ta yaɗu a cikinta ta sirinjin da aka yi ta maimaitawa a yaƙi da tsargiya shekarun baya, ta gwada kusan mutum miliyan 50 cikin 'yan watanni daga 2018, ta yi wa waɗanda aka samu magani kyauta. Ƙasa ce ta Afirka mai yawan jama'a da ƙarancin kuɗi, kuma ta yi.

Akwai wata sankarar yara da ya kamata kowace uwa ta san da ita. A 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt da ke aiki a Yuganda ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara, ya kuma lura cewa yana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairos a cikin ƙwayoyin wannan ƙari, shi ne na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Kusan kowa a duniya yana ɗauke da wannan bairos lafiya lau. Amma yaron da zazzaɓin cizon sauro ke yawan kamawa, ƙwayoyin garkuwarsa suna ta rabuwa ba hutu, bairos ɗin kuma yana hana masu kuskure mutuwa, har wata rana wani sashen gado mai ingiza rabuwa ya ɓalle daga mazauninsa ya koma inda ba a iya tsayar da aikinsa. Ƙarin yana girma cikin kwanaki, akan ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, alhali yana cikin sankarorin da suka fi jin magani in an kai da wuri. Gidan sauro da maganin zazzaɓi a kan lokaci suna cikin kariyarsa.

Wajibi ne a bambance abu biyu: bairos ake ɗauka, ita sankarar ba a ɗaukar ta. Mai jinyar mai ciwon daji ba zai kamu ba don ya ci abinci da shi ko ya wanke masa jiki ko ya kwana ɗaki ɗaya da shi. Ina faɗar haka ne domin kada bayanin da aka yi don kare mutane ya zama dalilin guje wa marasa lafiya, waɗanda daman kaɗaici ya ishe su.

Masu cewa ai cuta da mutuwa na Allah ne gaskiya suka faɗa, kuma shi ne ya halicci sababi ya kuma sanar da bayinsa. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Malamanmu sun fi ni sanin wannan, abin da nake roƙo shi ne su zauna da likitoci su ji bayanin, sannan su faɗe shi a mumbari da makarantun Islamiyya, inda ake samun 'yan matan da makarantar boko ba ta kai gare su ba.

Saura matan da shekarunsu suka wuce na allurar, su ne iyayenmu da matanmu da yayyenmu, kuma su ne ke cikin haɗari a yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, mai HIV daga 25. Akwai gwajin da ke gano bairos ɗin kansa, wanda mace ke iya ɗaukar samfurinsa da hannunta ba sai wani ya duba ta ba, abin da zai sauƙaƙa wa masu jin nauyi. Akwai kuma mai arha da ake shafa ruwan khal a bakin mahaifa, inda ya fara canjawa ya yi fari, ma'aikaciyar jinya ta ƙone wurin da 'yar ƙaramar na'ura a zama ɗaya, mace ta koma gida da mahaifarta. Wannan aiki bai fi ƙarfin asibitin mazaɓa ba, mata ne ke yi wa mata, kuma kowace gwamnatin jiha tana iya sa shi a cikin ayyukan awon ciki da na bayan haihuwa daga kasafin kuɗin bana. Maigida kuma in matarsa ta ce tana ganin jini ba lokacinsa ba, ya ba ta izini da kuɗin mota a makon, ya raka ta in da hali.